Shekarar da Muka Daina Kwana a Waje

Bazarar bana ta zo da wuri. Rana ba ta gama fitowa ba bangon ɗakinmu na Demsawo ya ɗauki ɗumi, ruwan randa kuma kamar an ɗora shi a wuta an sauke. 'Yata Nana watanta bakwai. Kullum da safe in na gama yi mata wanka sai in kwantar da ita a cinyata, in sa tafin hannu a ƙeyarta, in lanƙwaso kanta a hankali har haɓarta ta taɓa ƙirji. In ta taɓa, sannan nake sakin numfashi. Ita a wurinta wasa ne, dariya take yi tana kama mini yatsa.

Jiya babanta yana goge Keke Napep ɗinsa a ƙofar ɗaki zai fita aiki, ya tsaya yana kallona.

"Maman Nana, wuyan yarinyar nan fa ba kan famfo ba ne. Kullum sai kin murɗa kin ga ko ruwa zai zo?"

"Je ka nemo mana na cefane, malam."

"To, likita. In na dawo ni ma a duba nawa."

Na yi dariya, amma yau ma na gwada wuyan, gobe ma zan gwada. Shi a Gombi ya tashi, bai san Luggere, unguwar da na tashi a Jimeta, ta waccan shekarar ba. Ni kuwa duk sanda zafi ya kai inda kwanon rufi yake ƙas-ƙas shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi, can nake komawa. Karatuna bai yi nisa ba, a aji huɗu na tsaya. Amma abin da na gani ina riƙe da shi, shi zan rubuta yadda ya zo.

Shekaruna sha ɗaya ko kusa da haka a lokacin. Gidan haya muke zaune, ɗakuna a jere suna kallon juna, rijiya da bishiyar darbejiya a tsakiya. Mai gidan tsohuwa ce Bafulatana da mijinta ya rasu ya bar mata shi, kowa Dada yake ce mata, har waɗanda suka yi furfura. Baba fataucin bandar kifi yake yi, in ya nufi wajen tafkin Chadi sai dai a gan shi, ba mu da waya, shi ma ba shi da ita. Ɗakinmu mu uku ne: Umma, da ni, da ƙanena Hamidu ɗan shekara biyar, wanda yake ce mini Adda yadda yaran gari suke kiran yayarsu. Kusa da mu ɗakin Maman Ladi ne, 'yar Numan, tela ce, a coci take waƙa ranar Lahadi. 'Yarta Ladi sa'ata ce, tare muke komai.

Ruwa shi ne aikin farko kuma shi ne na ƙarshe. Rijiyar gida ta ja baya, in ba ka yi sammako ba guga laka zai kwaso maka. Mata sukan jera bokiti tun da duhun asuba, kowa ta ja rabin guga ta koma gefe ta jira ya sake taruwa. 'Yan ga-ruwa suka zama sarakuna, sai ka bi kura tun daga bakin titi kana roƙo kafin a juyo da ita layinku. Kogin Binuwai kansa ya janye ya bar rairayi, har yara suna ƙwallo a inda kwale-kwale yake bi da damina. A ɗakinmu ruwa ba ya yin aiki ɗaya ya tafi. Wanda aka wanke tsaba da shi a wanke kwanuka, na kwanuka a yayyafa wa ƙofar ɗaki don ƙasa ta huce.

Da hantsi matan gida sukan taru ƙarƙashin darbejiya da buhun gyaɗar Umma, don ƙuli-ƙuli take yi na sayarwa. A ɓare tare, a yi hira, Maman Ladi ta jawo kekenta na ɗinki bakin inuwa tana taka shi tana sa baki. In azahar ta yi hira takan mutu da kanta. Ƙadangaru su lafe a jikin bango baki buɗe, kaji su tona rami gindin randa su kwanta. Iskar da take kaɗawa ba ta sanyaya komai, sai ta busar maka da hanci har ka ji yana tsagewa daga ciki. Leɓunanmu duk sun fashe. Hamidu kuwa haɓo ya dame shi a shekarar, yana cikin wasa sai jini ya ɗigo masa a riga. Umma ta jiƙa tsumma ta ɗora masa a goshi, ta ce zafi ne, zai wuce.

Abin da yake sa a jure shi ne dare. Ba mai kwana a ɗaki da bazara, tun da aka haife ni haka na tarar. Ana idar da isha'i kowa ya jawo tabarmarsa tsakar gida, mata da yara a nan, maza can wajen ƙofa, Dada a kan gadonta na ƙarfe da ake fito mata da shi. Can gaba iska takan taso daga wajen kogi, ka ji kamar an shafa maka ruwa.

Sai labarin sanƙarau ya shigo. Da farko daga nesa, an ce Limawa, an ce wani ƙauye a hanyar Fufore. Sannan wani yaro a layin bayanmu ya dawo daga makaranta da ciwon kai, kafin a yi sallar Juma'a an kai shi makwanci. Bayansa matar wani mai faci. Aka daina kiran ciwon da sunansa, sai dai a ce "abin nan".

Dada ta tara matan gida a gindin bishiya. Hausarta irin ta tsofaffin Yola ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Abin nan ni na san shi tun ina budurwa," ta ce. "Iskan dare yake bi, daga sama yake sauka. Yaro da ya kwana a fili, shi yake samu. Daga yau yaran gidan nan duka a ɗakina za su kwana, a rufe."

Maman Ladi ta dakatar da keke. "Dada, cikin wannan zafi? Za su dahu kamar dankali fa."

"Gara su dahu da su sanƙare."

Umma mace ce mai tsoro a kan 'ya'yanta, ga miji ba ya nan, ita ta fara naɗe tabarmarmu ta kai ɗakin Dada. Maman Ladi ma ta yi ƙunƙuni ta kai ta Ladi.

Ɗakin Dada ya fi kowanne girma a gidan, amma tagarsa ɗaya ce. Aka cusa tsummoki a tagar, aka rufe da buhu, aka toshe ƙasan ƙofa. Kafin mu shiga Dada takan zuba busasshen ganyen darbejiya da turare a kaskon garwashi ta zagaya ɗakin, hayaƙin ya zauna ba shi da hanyar fita. Mu shiga muna tari, mu kwanta a jere kamar kifi a kwando, ƙafar wannan a kan wancan, gumin wani yana bin bayanka. Dada ita kuma ta bar mana ɗakin, ta sa aka ajiye gadonta a waje daidai bakin ƙofa, ta kwanta a fili da carbinta.

Hamidu yana tsoron duhu. Yakan matso har hancinsa ya kusa taɓa nawa, ya ce, "Adda, hura mini." Sai in riƙa hura masa iska a fuska, a goshi, a wuya, a hankali, har in ji hannunsa ya saki rigata. Ba mafici a ɗakin, ba wurin ɗaga hannu ma. Kullum haka muke yi, har abin ya zama in ban hura ba ba ya barci.

Mun fi mako a haka. Wata safiya aka buɗe ƙofa yara suka fito da gudu, Hamidu bai tashi ba. Ya ce kansa. Umma ta ɗauke shi ta kai ɗakinmu, jikinsa kamar dutsen guga. Ya yi amai, ya sake yi. Na ɗaga labule don iska ta shiga, ya rufe ido da hannu biyu yana kuka, wai hasken yana soka masa. Umma ta aike ni kemis na sayo maganin zazzaɓi, tana ta cewa na sauro ne, na sauro ne, kamar tana lallashin wani. Da azahar ta zo ba shi ruwa, ta sa hannu a ƙeyarsa za ta ɗago kansa. Kan bai lanƙwasu ba. Bayansa gaba ɗaya ya taso tare da shi kamar katako, ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ta a bakinsa ba.

Maman Ladi tana bakin ƙofa, ta gani. Ta fita titi ba takalmi ta taro ɗan acaɓa, lokacin akwai su a Jimeta. Umma ta goya Hamidu, ƙato da shi, ƙafafunsa suna reto har gwiwarta. Da za ta hau ta juyo ta ce mini, "Sa'a, ki kula da ɗaki." Shi ke nan abin da ta ce.

Kafin rana ta sake faɗuwa gidan ya watse. Kowa ya kwashi 'ya'yansa ya kai wurin dangi. Ladi aka sa ta a motar Numan wurin kakarta, ta ɗago mini hannu daga zaure, uwarta tana riƙe da ɗaya hannun. Ba a sake ɓarar gyaɗa ba. Dada ta shige ɗakinta, ba ta fitowa sai alwala. Ni kaɗai na rage yarinya a gidan da a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda hayaniyarmu.

Ban taɓa sanin rana tana da tsawo haka ba. In share ɗaki, in share ƙofa, in sake sharewa. In na je rijiya matan da suka rage sukan ja baya su jira in gama, in na juya in ji suna ɗauraye igiyar guga, da ruwan nan da ake wahalarsa. Mai ga-ruwa ya daina shigowa, a waje yake sauke jarka. Yaran layi in sun gan ni su toshe hanci su ruga, suna cewa ga 'yar gidan sanƙarau. Aka ba wani direba saƙo a tasha ya kai wa Baba, ba mu san ko ya isa ba.

Maman Ladi ce take ba ni abinci. Takan ajiye kwano a bakin ƙofarmu, ta koma baya kaɗan ta kira ni da Hausarta ta Numan mai mayar da mace namiji.

"Sa'a, ga tuwo. Ka ci duka, ban son saura."

"Na gode, Mama. In na wanke kwanon zan kawo."

"A'a, riƙe shi tukuna. In Umma ya dawo."

Haka kwanukanta suka yi ta taruwa a bayan ƙofarmu, wankakku, ɗaya cikin ɗaya. Wata rana ta kawo mini ɗanwake a murfin tukunya, ta ce, "Kai, yarinya, ka cinye mini kwanuka kaf. Gobe sai dai a hula." Ta yi dariya, ni ma na yi. Amma ko a ranar ba ta matso ba, ni ma ban ga laifinta ba.

Aikina guda ɗaya mai muhimmanci shi ne kunu. Da safe in dama kunun gyaɗa yadda na ga Umma tana yi, in zuba a fulas, in kama hanyar babban asibiti a ƙafa. Rairayi yana ƙona ni ta cikin silifa, kwalta tana kama shi. Masu ciwon ba a cikin ginin aka sa su ba, wata rumfar tamfol aka kafa a baya, aka zagaye ta da igiya. Nan iyakata. Umma takan fito bakin igiyar ta karɓa, idonta ya faɗa, leɓenta fari. Ta ce sun soka masa allura a gadon baya sun ɗebi ruwa, ruwan ya fito gurɓatacce kamar ruwan kanwa, ashe na mai lafiya garau yake. Ta ce allura ake masa ba dare ba rana. Na tambaye ta ko ya neme ni. Ta ce ko ita bai gane ta ba.

Wata rana na tarar an tara masu jinya da 'yan kawo abinci a bakin igiyar. Wata nas ce doguwa, 'yar wajen Ganye, Sista ake ce mata, take magana da murya a dushe. Wani dattijo ya tambaye ta ko rana ce take dafa wa yara ƙwaƙwalwa.

"Baba, ba rana ba ne, ba iskan dare ba ne," ta ce. "Ƙwayar cuta ce, mai rai, ido ba ya ganinta. A bayan hanci da maƙogwaro take zama. Kuma ku ji da kyau, ba a wurin marar lafiya kaɗai take ba. Mutum yana tafiya garau, yana cin tuwonsa, tana zaune a maƙogwaronsa tana hayayyafa, bai sani ba. Kamar baƙo ne da ya sauka a zaure. A yawancin gidaje a zauren zai zauna, ya gama kwanakinsa ya tafi, masu gida ba su ma san ya zo ba."

"To wanda ya kwanta fa?" dattijon ya ce.

"Shi ƙofarsa ta cikin gida aka samu a buɗe. Wannan zafi da bushewa suna tsaga fatar cikin hanci, hayaƙi ma haka, mura ma haka. In ta sami tsaga sai ta shiga jini, jini ya kai ta rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya. Wurin ya kumbura, shi ne wuya yake sanƙarewa. Daga mutum zuwa mutum kuma ta numfashi take bi, tari, atishawa, fuska kusa da fuska. Shi ya sa nake roƙonku, kar ku cusa yara a ɗaki ɗaya ku rufe. Ku buɗe taga. Ku kwana a waje yadda kuka saba."

Na ga Umma ta kama igiyar da hannu biyu. Ita ɗakin Dada take tunani, na sani. Ni kuwa ba ɗakin nake gani ba. Hancin Hamidu nake gani kusa da nawa, da bakina.

Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? Na dawo gida na ɗauko madubin Umma, na fita rana na wangale baki ina leƙawa. Ja kawai na gani, da ɗan abin nan da yake reto. Na kurkure da ruwan gishiri har na yi kakari. Na sha ruwan zafi cikin wannan zafi ko zai ƙone ta. Daga ranar na ɗaure mayafi a bakina da hancina, ko barci ban cire shi ba. Da aka zo makarantar firamare ana yi wa unguwa allurar rigakafi na je na bi layi aka yi mini, amma ban san ko tana korar baƙon da ya riga ya zauna ba, ban kuma ga fuskar da zan tambaya ba.

Saƙon Sista dai na kai shi, don Umma ta ce in kai. Na tsaya nesa da ƙofar Dada na yi sallama.

"Dada, Umma ta ce in gaya miki, a asibiti sun ce a buɗe taga. Sun ce rufewar ce take sa abin ya kama yara."

Har na zaci ba ta ji ba. Sai ta fito tana dafa bango, ta zagaya wajen tagar, ta cire buhun. Ta riƙa zaro tsummokaran ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ta kakkaɓe shi ta ninke kamar kayan sawa. Da ta gama ta tsaya da su a hannu, ba ta dube ni ba.

"Ni na kwana a waje," ta ce, "don in ya sauko ya same ni."

Ta koma ciki. Tun daga ranar kullum da yamma sai in ga ƙwaryar kindirmo a ƙofarmu, ban taɓa ganin lokacin da ake ajiyewa ba.

Sai da na yi cikin Nana, ina zuwa awo, sannan na yi tambayar da na riƙe tun ina yarinya: ko ni na sa wa Hamidu ciwon. Na jira kowa ya fita na ba nas ɗin awon labari a gajarce. Ta ce ba wanda zai iya sani. A ɗaki irin wannan wataƙila yara da dama suna ɗauke da ƙwayar cutar, wataƙila ma shi ya shigo da ita daga wurin wasa. Ta ce in ma ta taɓa zama a maƙogwarona, ta daɗe da tafiya da kanta. Ta ce yanzu akwai rigakafin da ake yi wa yara tun suna ƙanana, kar in bari ya wuce Nana, ba kuma zan bari ba. Na yarda da ita. Yanzu in jikin yaro ya yi zafi waya ce a hannu, ka kira babansa ya zo da Keke. Tagarmu ba ta rufuwa, a waje muke kwana cikin gidan sauro. Duk da haka har yau ban taɓa hura wa Nana kunu da bakina ba. Mafici nake sa wa, ko in jira ya huce.

Hamidu bai mutu ba. Daga rumfar nan an fitar da yara da yawa a naɗe cikin tabarma, shi ya fito a bayan Umma. Ranar da suka dawo mutanen layi suka leƙo daga ƙofofinsu, ba wanda ya matso sai Maman Ladi da ta karɓi kayan hannun Umma. Ya rame har kansa ya yi wa jikinsa girma. In ya tashi tafiya sai ya riƙa tangaɗi yana bin bango. Umma ta shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin darbejiya, tana ba shi kunu da cokali.

Ni daga nesa na tsaya, mayafina a baki.

"Hamidu, sannu."

Bai ɗago ba.

"Hamidu, Adda ce. Na ajiye maka mangwaro."

Yana kallon tururuwa a gefen tabarma. Umma ta ce in ƙyale shi, gajiyar ciwo ce. Amma ita in ta zauna a gabansa ta shafa kansa ta nuna masa kofi, yakan gyaɗa kai, har ya ce mata ya ƙoshi. Dada ta zo ta riƙe masa hannu, ya yi mata murmushi. Ni kaɗai ce in na yi magana daga inda nake tsayawa ko motsi ba ya yi. Sai na gama wa kaina lissafi: ya sani. Can inda ya je ya dawo an nuna masa wanda ya ba shi ciwon. Na daina kiransa. In zan wuce sai in bi ta bayan rijiya. Da dare in shimfiɗa tabarmata can gefe, in juya musu baya. Kaɗaicin da na yi gida ba kowa bai kai wannan ba.

Kwanaki suka wuce a haka. Zafi ya canja, ya zama mai nauyi, mai ɗanko, gumi ya daina bushewa. Da yamma hadari yakan haɗu ta gabas ya yi baƙi, mu zuba ido, iska ta watsa shi. Tsofaffi suna cewa ruwa na sauka abin nan zai ɗauke, Sista ma ta gaya wa Umma haka.

Ranar da ruwan ya zo, da la'asar ne. Iska ta fara tasowa da ƙamshin ƙasa, an yi ruwa a wani wuri ba nisa. Gari ya rufe. Matan gida suka hau kwashe shanya, ana jera bokiti da baho a bakin indararo, Umma tana jan buhun gyaɗa ciki. Hamidu yana zaune a dokin ƙofarmu, ya ba tsakar gida gefe, yana jera murafun kwalba.

Sai aka yi tsawa. Ba irin mai gurnani daga nesa ba, irin wadda take fashewa a kan rufinka. Kaji suka watse. Dada ta saki buta tana salati, Maman Ladi ta kira sunan Yesu, ni na tsinci kaina a durƙushe hannu a kunne. Da na ɗago, idona ya sauka a kan Hamidu. Yana ɗora murfi a kan murfi. Ko ƙiftawa bai yi ba.

Umma ma ta gani. Ta saki buhun. Ta ɗauki farantin ƙarfe da ludayi, ta zagaya ta bayansa a hankali kamar mai kama kaza, ta tsaya dab da ƙeyarsa ta buga. Ta sake bugawa. Ta kira sunansa, ta kira sunan da take masa tun yana jariri. Sannan ta sunkuya ta ajiye farantin a ƙasa, a hankali, kamar kar ya yi ƙara, ta zauna a wurin.

Ruwa ya kece. A kan kwanon rufi ƙararsa ta cika gidan har ba ka jin muryarka. Ban san lokacin da na kwance mayafin ba. Na tafi na durƙusa a gabansa, kusa, yadda ban yi ba tun ranar da aka tafi da shi. Ya ɗago ya ga fuskata. Ya saki murafun ya kama mini riga da hannu biyu, ya yi magana da ƙarfi fiye da yadda ya saba.

"Adda, me ya sa kika daina yi mini magana?"

Na buɗe baki ina ba shi amsa, yana kallon leɓena yana jira. Sai ya juya ya dubi ruwan da yake kwarara daga indararo yana cika bokiti, ya miƙa hannu ya tara.

"Kowa ya daina," ya ce. "Kin ga ruwan ma, yau shiru yake zubowa."